Makwancin Mage a Falon Baba

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare Baba ya sa mana sola. Faranti uku aka ɗora a kan rufin kwano, batir biyu a lungun zaure, sai wani akwati mai fanka a ciki wanda mai haɗawar ya ce sunansa inbata. Kafin nan wutar gari muke jira kamar kowa a unguwarmu a Wudil: a kawo mu yi ihu, a ɗauke mu ɗauko mafici.

Umma ta fi kowa murna saboda firizarta. Tumakinta biyu da kawunmu yake yi mata kiwo a Utai ta sayar ta saye ta. Kunun aya take yi da zoɓo, ta ɗura a robobi su kwana su daskare, da safe maƙwabciyarmu ta zuba a kula ta kai bakin titi wurin fasinjoji da ɗaliban jami'a. Ranar Juma'a da kasuwa ke ci, kafin a tafi masallaci kular ta dawo wayam.

Da damina ta kankama sai rana ta riƙa ɓuya. Batir ya daina kai mu asuba. Mu tashi salla mu tarar inbata ta yi kukanta ta yi shiru, ruwa na ɗiga daga gindin firiza. Kunun aya kuwa ba ya haƙuri, da ya narke sai ya yi tsami. Sau uku na riƙe wa Umma bokiti tana kwance robobi tana juyewa.

Ranar Asabar, muna karyawa, Baba ya yanke magana.

"Firizar nan ita ke shanye batirin. Mai gyara ya ce in ana barinsa yana mutuwa haka, ba zai shekara ba. In muka kai Juma'a ba sauyi, sai dai a cire ta."

"Malam, a cire ta a kai ina?" in ji Umma.

"Gidan yayanki akwai wuri. Ko a samu mai so."

Umma ta ci gaba da zuba mana koko. Na lura ta cika kofina har ya zubo, ba ta gani ba.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa, sai in rubuta ta a gefen littafi in jira wata ta faɗa. Aikina a gida shi ne sharar falon Baba kullum kafin in tafi makaranta. Ban da ni ba mai shiga sai ya dawo daga aiki. Kayan kallonsa duk suna kan kanta guda, kuma kowanne Umma ta saƙa masa mayafi da kwarashi don ƙura: talabijin, dikoda, akwatin sifika, da sitabilaiza, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta.

Akwai wata mage mai ruwan toka da ta mayar da gidanmu nata. Ta tagar falon take shiga, inda ragar ta yage. Duk safiya a wuri ɗaya nake samunta, a naɗe a kan dikoda, ga kujeru masu laushi ba ta ko kallonsu. In na ɗaga ta don in kaɗe gashinta, sai in ji mayafin da ɗumi. Na ɗauka ɗumin jikinta ne.

Litinin ɗin bayan maganar Baba, magen ba ta kwana a gida ba. Na ɗora hannu a kan mayafin don in gyara shi, sai na ji shi da ɗumi kamar kullum. Na ɗaga. Wata 'yar jar fitila kamar ƙwayar gero tana ci a goshin dikodar. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Akwatin sifika da ɗumi. Sitabilaiza ta fi su duka, kuma da na kara kunne na ji tana gunji a hankali. A bayan kanta ga cajoji uku a soke, ba waya ko ɗaya a jikinsu. Talabijin a kashe, ɗakin tsit, amma komai yana cin wuta a ƙarƙashin saƙar Umma.

Na san dalili. Tun zamanin wutar gari dokar Baba ce kada a kashe makunnin bango a falonsa, don in an kawo wuta sitabilaiza ta yi ƙara kowa ya ji. A lokacin wutar ba ta daɗewa, ba a damu ba. Yanzu kuwa dare da rana suna manne da batirinmu.

Na yini da abin a raina a makaranta. Da na dawo na tarar da Umma tana tace aya, na tsuguna kusa da ita na faɗa mata ƙasa-ƙasa. Ta tsaya da matsa ƙyallen, ta dube ni.

"Kin tabbata?"

"Na taɓa da hannuna, Umma."

"To ki faɗa masa da bakinki. Ni in na faɗa, cewa zai yi firizata nake karewa."

Talata ta wuce ban iya ba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarsa ina komawa. Laraba da safe, bayan na gama shara, na toshe ragar tagar da kwali na ja ƙyauren, don kada magen ta shiga.

Bayan la'asar Baba ya dawo, ya jingine babur, ya zauna a tabarma yana cire takalmi. Na kawo masa ruwa na durƙusa, ban tashi ba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

"Uwata, lafiya? Ko an kore ki daga makaranta ne?"

"A'a, Baba. So nake ka taɓa wani abu a falo."

"In taɓa? Ikon Allah. Yau uwata ce da magana. Mu je."

Na nuna masa dikodar. Ya ɗora tafin hannunsa, ya yi dariya.

"Ai wannan magenku ce. Nan ne gadonta."

"Yau ba ta shigo ba, Baba. Na toshe tagar tun safe."

Ya waiga ya ga kwalin. Dariyar ta tsaya. Ya yaye mayafan da kansa, ya taɓa sifika, ya taɓa sitabilaiza, ya janye hannu da sauri.

"Amma wannan ɗan jan idon ne zai cinye batir biyu? Ai ko sauro bai kai ba."

Na ce, "Firiza tana yi tana hutawa, Baba. Ina jin ta. Su ba sa hutawa."

Ya kalli kantar. Sannan ya sunkuya, ya kashe makunnin bango, ya zare cajojin. Gunjin da na saba ji ba tare da na san ina jin sa ba ya ɗauke.

"To, mu gani zuwa Juma'a. Amma in na rasa kanun labarai saboda jiran dikodar nan ta farka, ke za ki karanta min su."

Alhamis muka tashi da wuta. Umma ta ce kada mu yi saurin murna, jiya an yi rana. Ran nan kuwa hadari ya haɗu tun azahar, aka yi ruwa har magariba. Baba ya kalli labaransa, ya kashe komai daga bango da hannunsa.

Juma'a da asuba ina alwala na ji fankar inbata tana juyawa. Umma ta buɗe firiza, ta ɗauko robobi biyu ta gwara su. Suka yi ƙara kamar duwatsu. Ta sake gwarawa, wannan karon a saitin ƙofar Baba.

"Na ji, na ji," ya ce daga ciki. "Wato duk watan nan mage muke yi wa hidima, ina ta zargin baiwar Allah firiza."

Ba a kai ta gidan kawu ba. Daga baya an yi kwana uku a jere ba rana, batir ya sake gazawa sau ɗaya, sai Umma ta koyi duba sama kafin ta jiƙa aya da yawa. Baba ya ƙara mini aiki a kan shara: in bi makunnan gidan kafin in ɗauki jakata. In ya manta caja a bango, sai in zare in ajiye masa a kan hularsa.

Da na cire kwalin tagar, magen ta yi kwana biyu tana hawa dikoda tana sauka, tana kallona. A rana ta uku na same ta a bayan firiza, inda injin ke fitar da iska mai ɗumi, ta miƙe ƙafafu tana barci. Umma ta ce a bar ta, nan ɗin ai ɗumin aiki ne.