Gyaran Mai-Kifi

Kakata Inna ta zo Kuala Lumpur ne a duba mata ido, da niyyar yin wata ɗaya. Sai korona ta rufe hanya, ta maƙale da mu a hawa na sha huɗu a Danau Kota. Ta taɓa hura gawayi a baranda don ta ji kamar tana gida, ƙararrawar gobara ta tashi unguwa. Tun ranar muka koma kewaye tukunyar dafa shinkafa mai lantarki bayan Magariba, jan fitilarta ce murhunmu.

A lokacin Abba yana karatun digiri na uku, kuɗin tallafi sun yi shiru. Umma ce ke riƙe da gidan da tuwo da dambu da take sayar wa ɗalibai, su yi tapau, wato su karɓa a ƙulle su tafi da shi, daga bakin get. Kowace roba sai ta ƙara mata gyara, ludayi ɗaya ko tsoka ɗaya. Abba ya ce a daina, shi ma gidan nan cike yake da bakuna. Umma ba ta musa ba, amma na ga yadda hannunta ke tsayawa a kan ludayi, abin ya ba ni tausayi.

A barandar da ke manne da tamu akwai Lola Nena, tsohuwa 'yar Filifin mai rainon jikoki. Ita da Inna ba mai jin yaren wata, amma sun fi kowa hira, ni ce tafinta. Wata rana Lola ta ba mu labarin wata mata ta garinsu da ta zama 'yar majalisa. Da yamma sai ga Inna ta mai da shi tatsuniya, ta sa masa gishiri da yaji.

"Ga ta nan gare ku, har da masu boko," ta ce, tana ɗaga murya wajen Abba da ke bayan kwamfuta.

Wai a wani tsibiri an yi wata yarinya mai sayar da busasshen kifi. Inna ta kasa faɗin sunanta, ta raɗa mata Mai-Kifi. Duk wanda ya saya sai ta jefa masa ƙarin ɗaya, domin su ma can sun san gyara. Daga faranti ta yi rumfa, daga rumfa ta sayi kwalekwale, har ta gina ɗakin sanyi masunta suna ajiye kamunsu. Da zaɓe ya zo, matan kasuwa suka ce ita za su tura majalisa. Abokin takararta ɗan babban gida ne, ya cika gari da buhunan shinkafa.

"To, Takwara, wa kike ganin ya ci?" Haka take kirana, sunanta na ci.

"Mai shinkafa lah, Inna," na ce, da "lah" ɗin da 'yan Malesiya ke ƙarasa magana da shi.

"Lah ɗin gidanku. Shinkafar suka karɓa, suka dafa, suka ci da kifinta, suka je suka dangwala mata. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Mai-Kifi ta shiga majalisa, ta tsaya kai da fata sai da aka rufa wa kasuwarsu kwano. Inna ta juya wajen Abba, wanda take kira Dakta tun bai gama ba. "Dakta, kai da ka yi karatu, gyara asara ce ko jari?"

Abba ya yi dariya yana sosa ƙeya. "Inna, ai na ji. Boleh," wato ya yarda, da yaren Malesiya. Washegari da hannunsa ya ƙara tsokar, yana ƙunƙuni.

Bayan wasu watanni cutar ta shigo mana. Aka killace mu gaba ɗaya, Umma tana kwance, Inna tana tari har tsoro ya kama ni. Ba mai girki, ba mai fita. Sai muka fara jin ƙwanƙwasa. In na buɗe ba kowa, sai leda a ƙasa: shinkafar mamak ta shagon Indiyawa Musulmi, faten doya, lemu, wani lokacin tuwon da ka gani ka san namiji ne ya tuƙa. Ɗaliban Umma ne. Lola ma ta rataya mana romon kaza da citta a marikin ƙofa.

Inna ta sa na jera ledojin a gaban Umma, ta ce da dasasshiyar murya, "Tashi ki gani, 'yar nan. Ga ƙuri'unki sun iso." Umma ta rufe fuska da mayafi, ta yi kuka.

Inna ta warke, ta koma Kano, bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa. Yanzu na manta sunan Mai-Kifi na gaskiya, ba na kuma iya tuna nawa ne na Lola a labarin, nawa ne na Inna. Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne gyara yana dawowa da riba. Yanzu da nake sayar da cincin a jami'a na ga sau da yawa ba ya dawowa, kuma Umma ba don ya dawo take yi ba. Duk da haka, in na zo ƙulle leda, sai na ji Inna a kunnena tana cewa, "Takwara, haka za ki ba shi?" Sai in kwance, in ƙara.