Madu, Wanda Ya Sake Koya Mini Tafiya

Ranar Talata, sha biyu ga watan Sha'aban, ina zaune a zaure bayan azahar ɗanka Kamaruddeen ya shigo ya durƙusa, ya ce, "Baba Nababa, Baba ya cika." Na ce na Allah muke, wurinsa za mu koma. Na miƙa hannu in dafa kafaɗar da na saba dafawa idan zan tashi, sai na tuna mai kafaɗar ake faɗa mini.

Malam Madu Abdulhadi, tare muka shiga elemantare, allo ɗaya muke leƙawa. Kai ka ci gaba har ka zama malamin kimiyya, ni na dawo gona. Da ka yi ritaya ka dawo ƙauyenmu, ka tarar iyalina ta rasu, 'ya'ya sun watsu birni, sannan ga jiri ya kama ni. In na juya kai sai ɗaki ya juya da ni. Na faɗi a bakin rijiya, na faɗi a sahun salla. Wasu suka ce iska ce, aka yi ta turare. Likita a Kano ya ce cikin kunne ne, ya ba ni magani, ya ce in riƙa motsawa. Tsoro ya hana ni. Na kwanta, na bar masallaci.

Ban manta shigowarka ba. Kai Babarbare, ni Bafillace, ba mu taɓa gaisawa babu tsiya ba. Ka tsaya a kaina ka ce, "Ɗan Fulani, dama can iska ke ɗaukar ku, yanzu kuma ka sami dalili?" Na ce, "Fita mini daga ɗaki, uban 'yan surutu." Ba ka fita ba. Ka zauna a bakin gadon, ka ce a can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan bututu masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya karkata. Ka ce ita ma ƙwaƙwalwar ba sauraro kawai take yi ba, tana mayar da saƙo ta jijiya zuwa kunnen, ta ce ƙara nan, rage can, kamar mai buɗe ruwa a madatsar ruwa ta Watari da ke daidaita abin da ke shiga kowace gona. Ka ce masana ma ba su gama gane zancen da ke tsakaninsu ba, amma kwanciya ba za ta shirya su ba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ka zo ka fitar da ni. Muna bin 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, hannuna a kafaɗarka, kana cewa, "Kada ka kalli ƙasa, ka kafa ido a ɗorawar can." Na yi amai a gonar mutane, na zage ka, ka yi dariya, washegari ka dawo. Kafin damina ta fita na koma sahu. Sanda ka hana ni riƙewa in muna tare, ka ce kai ne sandar. Kuma duk wannan lokacin kana fama da ciwon zuciya, ba ka taɓa cewa yau ka gaji ba.

Da aka sallace ka, mutane suka ce, "Baba, ka zauna a nan, makabarta da nisa." Gaskiya suka faɗa, tun da ka kwanta ciwo ban wuce masallaci ba. Amma a garinmu ba a kai mutum sai kowa ya sa hannu a makara, wannan ya karɓa, wancan ya saki. Na ga waɗanda ko gaisawa ba ku cika yi ba suna karɓar ka. Na ajiye sandar a jikin bango na bi su.

Hanyarmu aka bi, Madu. Ƙasa ta fara karkacewa, kunnena na ƙara, na kafa ido a ɗorawar. Da muka zo daidai gindinta Kamaruddeen ya matsa mini, na kama makarar. Ina kama ta jirin ya tsaya. Mutane suna ta cewa tsoho ya yi ƙoƙari, ya ɗauki abokinsa. Ni dai na san kai ka riƙe ni har bakin kabari.

Dawowar ce ta yi wuya. Na dawo, a hankali, ni kaɗai a bayan jama'a. Har yau in la'asar ta yi kunnena na kan ƙofar zaure, ina jiran a ce, "Ɗan Fulani, fito." In na ji shiru sai in fita, don na san abin da za ka ce in na koma gado.

Allah Ya jiƙan ka, Madu, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka. Yadda ka tsayar da ƙafata a duniya, Allah Ya tabbatar da taka a kan siraɗi. Uwargida Hajiya Amsa, Kamaruddeen, Kaltum da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.

Nababa Uzairu