Ɓarin Goron da Aka Ajiye wa Mas'uda

Mas'uda 'yar Alhaji Idrisu mai goro ce, a tsohuwar unguwar fatake ta Djougou. Kakannin gidansu da jakuna suka iso garin a kan hanyar Gwanja, suka sauke kaya, ba su ƙara ɗauka ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, a gabana ta yi rarrafe. Sunan mahaifiyar Alhaji ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba. "Uwata" yake ce mata.

Da ta gama jami'a a Parakou sai ta kama ɗaki a unguwar Albarika ta garin, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai manhajar waya, wadda manoman doya da kashu ke neman masu saye ta cikinta. Aikinta amsa kiran masu ƙorafi. Shekaru ta yi tana jin manoman ƙauyen Partago suna cewa rubutun ya yi ƙanana, ko abin ya ƙi buɗewa in an shiga gona. Ta san ciwon, amma ba ita ke ba da magani ba. Mai yanke abin da za a gyara da abin da zai jira, shi ake kira chef de produit. Da mai kujerar ya yi shirin barin aiki, shugaban kamfanin ya ce mata ya san ta iya, sai dai masu zuba jari suna son ganin takardar shaida.

Ta kawo maganar gida. Ta tarar da Alhaji a zaure yana yayyafa wa goro ruwa, yayanta Iliyasu na tsince masu tabo.

"Baba, takardun iri biyu ne," ta ce. "Ɗaya da Faransanci, a ɗakina ma sai in zana jarrabawar. Ɗayar da Turanci, karatunta dogo ne, sai an sauka Kwatano, kuma wanda ya kuskure ranar sai wani zagayen."

"Shi aikin mene ne?"

"In saurari masu saye, in saurari masu ƙerawa, in ce ga inda za a fara, ga abin da za a bari."

"Ashe madugu ne. Ki ce madugu mana, kin tsaya karya harshe."

Iliyasu ya ce, "Madugu da ɗankwali. Ayarin nan sai Allah."

"Yaya Iliyasu, kai da bulala ta kora daga makarantar lakwal, tsince goronka."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya ce a wajen kakansa ya ji cewa hanya biyu ke zuwa Salaga, kasuwar goron Gwanja, gajerar babu rijiya. "Ɗauki doguwar, Uwata." Ita ma can zuciyarta take. Ta ɗauka.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, tana karatu bayan tashi daga aiki, zuwanta Djougou ya ragu. Da lokaci ya yi, ta zo neman fatihar tafiya, domin za ta riga jarrabawar sauka Kwatano ta yi bita.

Gidan yana da al'ada tun zamanin ayari. In mutum zai yi tafiya, babban gida ya ɓare farin goro, matafiyi ya ci ɓari ɗaya, ɗayan a naɗe a ganye, in ya dawo ya karɓa daga hannun wanda ya ɓare. Kuma ba a bin matafiyi da mugun labari sai ya sauke kaya. A da jinƙai ne. Wanda ke tsakiyar daji da jakuna, me labarin zai ƙara masa ban da kuka? Amma Kwatano yanzu tafiyar yini ce a mota, waya kuwa tana aljihun kowa.

Ranar fatihar Alhaji ya ɓare goron, amma bai miƙe ya raka ta ƙofa ba. Ya ja babbar rigarsa ya rufe ƙafafunsa da suka kumbura, ya ce sanyi ne. Ta yarda, domin tana son ta yarda.

Bayan tafiyarta jiki ya tsananta. Iliyasu ya ciro waya, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ajiye. Uwata tana kan hanya."

"Baba, ai ba Salaga ta tafi ba."

"Hanya hanya ce. Ni na zaɓa mata doguwar, ba ni zan juyo da ita daga bakin rijiya ba."

In ta kira, ƙanwar Alhaji, Goggo Lubabatu, ke ɗauka. Yana barci. Yana da baƙi. Ya ce ki mai da hankali. Shi kuma kullum sai ya sa an miƙo masa ƙunshin ganyen nan, ya tsoma yatsu a ruwa ya yayyafa masa. Ana gobe jarrabawa, da hantsi, ya cika. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Mas'uda ta zana jarrabawarta, ta ci. Tun daga bakin ƙofar ɗakin jarrabawar ta kira gida.

"Goggo, ba ni Baba."

"Ki dai taho, 'yata."

Tabarmin da ta hango a ƙofar gida, da maza zazzaune, su suka gaya mata. Ba ta yi kururuwa ba. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa, ta dubi yayanta.

"Yaushe ya kwanta?"

Iliyasu ya faɗa mata. Ta ƙirga kwanakin. Da an kira ta ranar, da ta iso ta same shi yana magana.

"Ai ita jarrabawa tana sake zagayowa, Yaya," ta ce. Abin da ta faɗa ke nan.

Goggo Lubabatu ta fito da ƙunshin ganyen, har yanzu da danshinsa. Mas'uda ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe. Ɓarin goron ya yi ja. Ta naɗe shi yadda yake, ba ta ci ba.

An ba ta kujerar. Manoman Partago sun daina lalube, rubutun ya girma. Abokan aiki masu son bin sawunta kan tambaye ta wace takarda ta fi, ta bayyana musu duka biyun ba ƙari ba ragi, ta ce doguwar ta fi nauyi. Sannan ta ce, "Kafin ka tafi, ka sa mutanen gidanku su yi maka alkawarin za su kira ka."

Takardar ba ta rataye ta a bango ba. Kowace safiya tana kiran Djougou, kuma ba ta karɓar saƙon kowa ta bakin wani. Ina jiyo Goggo Lubabatu ta bayan katanga tana bin ɗakuna da wayar, kowa na faɗin lafiyarsa da muryarsa.