Ranar da Sajan Ya Ceci Aikina

Ku da kuka zo daga baya kuna ganin tafkin ninƙayar makarantar nan fes, ba ku san abin da ya gani ba. Ni kam ba zan taɓa mantawa da ranar ziyarar iyaye ta shekarar da man dizal ya gagari kowa ba.

Ni ne malamin ninƙaya. A dam ɗin Bagwai na koyi ruwa, kuma saboda tafkin nan aka ɗauke ni. Shi ake fara nuna wa iyaye daga Nijar da Chadi, don su yarda su bar 'ya'yansu a makarantar kwana da ke tsakiyar gonakin gero. Da aka daina kunna injin tace ruwa, tafki ya koma kore shar kamar miyar kuka. Ana cikin haka aka fara sallamar ma'aikata, kuma ba sai an gaya wa malamin ninƙaya sunan wa ke gaba ba. Ga iyali, ga tsadar hatsi.

Nama ma ya ɓace daga kicin. Sai ni da Baba Modu kuku muka kai wa shugabar makaranta shawarar zuba tarwaɗa a tafkin. Ta ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba. Amma in an dafa, a ajiye min kai."

Kifi ya yi albarka. Yara na zuba masa ragowar tuwo, ran Juma'a kuma in shiga da su mu kamo na miya. Akwai wani ƙato mai gashin baki da ya gagare mu, suka sa masa suna Sajan.

Ranar ziyara muka kewaye wurin da zana, muka ce ana gyara. Sai ga wani Alhaji daga Injamena, mahaifin Tahir ɗan aji biyu, ya ɗage zanar ya shigo, shugaba na biye da shi tana ta faɗin, "Alhaji, ga ɗakin karatu can."

Ya ce, "Hajiya, ninƙayar da kuka ce ana koyarwa, a wannan kududdufin ne?"

Shugaba ta juyo ta yi min kallon haɗa kayanka.

Alhaji ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Yaron nan ya iya ruwa ko bai iya ba?"

Kafin in buɗe baki Tahir, da ke biye da mahaifinsa, ya tuɓe riga ya faɗa tafkin. Shiru. Alhaji ya fara salati yana kokawa da babbar rigarsa. Can sai yaro ya ɓullo a ɗaya gefen rungume da kifi, yana ihu: "Malam, Sajan ne! Na kama Sajan!"

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Yaron da ko wanka sai an yi dambe da shi a gida?" Ya dubi shugaba. "Ƙannensa biyu na nan tafe baɗi. Amma da sharaɗi: kada a taɓa malamin nan, kada a taɓa kifin nan."

Tun ranar na gane cewa a aikin makarantar kwana, iyaye ba fenti suke zuwa gani ba. Ɗansu suke zuwa dubawa, ko ya ƙoshi, ko ya iya abin da bai iya ba a gida. Sharaɗi na farko ga shi kuna gani, har yau ina nan. Na biyun kuwa Alhaji da kansa ya karya shi: bai hau mota ba sai da ya tashi da rabin Sajan, Hajiya kuma ta samu kai.