Malama Mas'uda da Ƙwaron Wake

Malama Mas'uda 'yar Bulkachuwa ce, ta tashi a gidan da ake buɗe buhun wake a tarar ƙwari sun mai da shi gari. Da ta zama malamar kimiyyar noma a wata kwaleji a Azare, wannan ƙwaron ta sa a gaba. Shekara tara tana dakan ganyen maina, wato darbejiya, da wata saiwa da Fulani suka nuna mata, tana aunawa, har ta dace da haɗin da ke tsare wake wata takwas babu guba.

Ba ta ɓoye wa kowa ba. Ta buga sakamakon a mujallar masana, tunda da haka ake samun ƙarin girma, ta kuma koya wa matan Giade kyauta.

Tana da shekara hamsin da huɗu aka tura ta Abuja horon mako biyu, inda ake koya wa masu bincike yadda za su kai abin da suka gano kasuwa. Ta zauna kamar ɗaliba, ta koyi tallar haja cikin minti uku, ranta fes. A rana ta tara wata lauya mai suna Emmanuella ta yi musu darasin rajistar mallaka. Da aka tashi Mas'uda ta kai mata takardunta. Lauyar ta duba shekarar da aka buga su.

"Malama, kin riga kin ba duniya," in ji ta. "Abin da kowa ya karanta tun shekara huɗu ba zai rajistu da sunanki ba."

Duk da haka da ta dawo ta sayi injin liƙe leda, tana ƙulla haɗin da kanta. Sai aka ce ba ta da izinin sayarwa sai ta sami ɗaki mai tayil da ruwan famfo. Kwamitin kwaleji ya zauna sau uku a kan ɗakin, bai yanke komai ba.

Da kaka ta yi, ƙanen mahaifinta, Bappa Hammawa, ya kawo mata wata leda mai ƙyalli da ya saya a kasuwar Azare, da sunan wani kamfanin Kano a jiki. Tana sansanawa ta gane haɗinta ne, amma an rage saiwar. Bappa ya sunkuyar da kai ya gaya mata cewa a ƙauye ana cewa maganin Mas'uda ya daina ci, wake wata uku yake yi ya lalace.

Ta rubuta wa kamfanin sau biyu, tana roƙon su gyara awon kawai. Ba su amsa ba.

Har yanzu tana shiga aji, amma ta daina zuwa ɗakin gwaji. Injin kuwa ta ba Laraba maƙwabciyarta, tana ƙulla zoɓo da shi.