Gilashin Zakiyya a Kan Katangar Malam Lado

Duk wanda ya gina gida a Dutse daga lokacin da aka ba mu jiha zuwa 'yan shekarun nan, da wuya ka duba tagoginsa ba ka ga hannun Malam Lado mai gilashi ba. Mutumin Buji ne, ɗan manoma, wanda ya tafi Kano cirani yana saurayi ya dawo da sana'ar da babu wanda ya taɓa yi a danginsu. Da aka fara zuba ofisoshi da gidajen ma'aikata a Dutse, sai ya kafa rumfa a bakin titi. Kayan aikin nasa ba su da yawa: tebur shimfiɗe da tsohon bargo, rula ta katako, gwangwanin kananzir, da abin yankansa da yake soke shi a aljihun gaba kamar alƙalami. Yatsunsa duk tabo ne, kuma in ka yi kuskuren tambaya, zai nuna maka su ɗaya bayan ɗaya ya gaya maka a gidan wa ya samo kowanne, ko da kuwa sauri kake yi.

Mutum ne mai surutu, kuma a faɗi gaskiya, mai ji da kansa. Abin da ya fi ji da shi ƙa'idoji biyu ne da ubangidansa na Kano ya dasa masa. Ta farko, in gilashin mutum ya fashe a hannunka, kai ya fashe wa. Sai ka ɗauko naka wanda ya fi shi kyau, ka yanka, ka miƙa, ka ja bakinka ka yi shiru, domin gaya wa mai kaya neman tausayi ne kawai. Ta biyu, gilashin da ya riga ya tsage ba a ciro wa mutum komai daga jikinsa, saboda a ganinsa tsagar tana nan kwance a ciki, wata rana sai ta fito. Shekara talatin yana kan wannan, babu wanda ya taɓa dawo masa da aiki, kuma ba ya gajiya da faɗar hakan.

Katangarsa ɗaya da marigayi Malam Habibullahi, malamin makarantar allo da ya taso daga Aujara. 'Yar malamin, Zakiyya, a gaban Malam Lado ta girma, shi ya yanka mata madubinta na farko, kuma Baba take ce masa. Ta yi karatu har ta zama malama a jami'a a Kafin Hausa, tana neman digirin dakta. Tun kafin ta same shi ya fara kiranta Dakta, don ya ga tana sunkuyar da kai.

Bincikenta a kan farantin sola yake, amma ba irin mai kaurin nan da ake gani a kan rufin shaguna ba. Nata wani shafe ne na sinadarai biyu, kadmiyam da teluriyam, da ake malala shi a kan gilashi, siriri ƙwarai, bai kai kaurin silin gashi ba. Kafin ya ba da wuta sosai sai an wanke shi da wani gishiri mai guba an gasa. Ita kuwa tana gwada wani gishirin marar guba, tana neman daidai zafin da zai sa ya yi aiki. Kuma ba a kan kowane gilashi ake yin wannan ba. Sai wanda tun daga masana'anta aka shafa wa fuskarsa ɗaya wani abu da ido ba ya gani, wanda ta cikinsa wutar ke bi ta fito. Irinsa guda biyu kacal take da su, kowanne faɗin tayil ɗin ƙasa, kyauta daga wani malaminta a ƙasar waje, kuma wata bakwai suka yi a hanya kafin su iso. Malamin ya yi mata alkawarin gurbi a ɗakin gwaje-gwajensa, in har kafin ƙarshen shekara ta nuna sakamako, ta kuma maimaita shi ya fito daidai.

Ana bukatar a yanka su ƙanana ƙanana, kowanne kamar kan babban yatsa. Zakiyya ta ji tsoron hannunta, sai ta ɗauko su a naɗe cikin takarda ta kawo wa wanda ta fi yarda da shi a duniya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙe shi ya yanka ta fuskar da ta yi wa alama, kada ya taɓa ɗayar da hannu, kuma kada ya tsoma abin yankan a kananzir. Ta buɗe baki za ta yi bayanin dalili, ya ɗaga gilashin ya duba shi a hasken rana, bai ga komai ba sai gilashi.

"Dakta, ki koyar da ɗalibanki," in ji shi yana dariya. "Ni tun ba a haife ki ba nake yanka na ƙasar waje."

Ta yi murmushi ta yi shiru, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita ta yi a gaban babba. Da a ce ta ƙara jimla biyu a lokacin, da wannan labarin bai samu ba.

Na farko ya yanku tsaf, layi bayan layi. A na biyun ne wani ya yi masa sallama daga kan babur, ya waiga yana amsawa hannunsa na tafiya. Abin yankan da ya saba shan kananzir ya yi gardama a busasshen gilashi, layin ya karkace, da ya zo ɓallewa sai tsaga ta ruga ta wani gefen. Ya kai hannu zai tare, gilashin ya sulluɓe daga bakin tebur ya tarwatse a kan siminti. Malam Lado ya daɗe a tsaye yana kallonsa, kunya ta rufe shi kamar an kama shi da sata. Daga nan ya share gutsattsarin, wasu sun kai tafin hannu, ya zuba a bokitin da yake tara fasassu a ƙarƙashin tebur.

A gida yana da wani gilashi ɗan Beljiyam da ya rage daga aikin wani babban mutum, yana naɗe cikin tsohon zanen matarsa Rakiya shekara da shekaru, ya hana kowa. Kaurinsa ɗaya da na Zakiyya, ya ma fi shi haske. Shi ya ɗauko ya yanka da dukkan gwanintarsa, sannan ya cakuɗa su da na farkon don kada a gane. Da ta zo karɓa ya miƙa mata da hannu biyu, ya ƙi karɓar ko sisi. Ranar ya koma gida yana jin ya yi wa 'yar Malam babbar kyauta wadda ba za ta taɓa sani ba.

Sau biyu ta biyo ta rumfar a cikin watannin da suka biyo baya. Takan zauna a kan benci kusa da tebur, ya tambaye ta aiki, ta ce alhamdu lillahi. Ya lura ta rame, ya ce mata karatu ba ya son gaggawa, ya sa aka kawo mata zoɓo. Bayan shekara ta juya, a bakin Rakiya ya ji cewa tafiyar Zakiyya ƙasar waje ba ta yiwu ba, an ba wani gurbin. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma har zuciyarsa ya faɗa. A daminar ne aka sace masa akuya, sai ya ƙara wa katanga tsawo, ya juye bokitin nan duka a kan ɗanyen siminti, kamar yadda kowa ke yi don maganin masu haurowa.

Shekara shida suka wuce. Zakiyya ta samu digirinta da abin da ya sawwaƙa, ta yi aure, ta ci gaba da koyarwa, maganar gishiri marar guba kuwa ta bar ta. Idon Malam Lado ya fara rauni, ya rage zuwa rumfa. Wata Juma'a da la'asar ta zo duba shi, suna zaune a tsakar gida, rana ta karkato ta bugi kan katanga. A cikin korayen kwalabe da farin gilashi akwai wasu gutsattsari da suke mayar da hasken da wani launi mai ɗan shuɗi da ja. Ya ga ta tsaya da magana tana kallonsu, ta daɗe ba ta ƙifta ba.

Tsufa ya sassauta masa ƙa'ida, ga shi kuma ya daɗe yana son a yaba masa. Sai ya ce mata ai gutsattsarin gilashinta ne, ya kwashe labarin ya ba ta yana dariya, da sallamar mai babur, da ɗan Beljiyam da ya sadaukar, har yana cewa ai ta ci riba.

"Na sani, Baba," ta ce a hankali. "Tun washegari na sani."

Ta gaya masa akwai wata 'yar mita ta awon wuta da take ɗora wa kowane yanki kafin ta fara aiki, in mai shafen nan ne da wuta ke bi sai ta yi ƙara. Rabi sun yi ƙara, rabi sun yi shiru. Da rabin nan ta yi ta gwaji wata biyar, kuma a 'yan yankunan ƙarshe ne ta dace da zafin da take nema, wuta ta fito fiye da yadda ta zata. Ta juya za ta maimaita, babu sauran gilashi. Ta nemi wani, amma bai iso ba sai da lokaci ya ƙure. Ba tare da ɗaga murya ba ta faɗi wannan duka, idonta a kan tabarma.

Ya tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce ta zaci ya zubar da fasasshen tun ranar, to mene ne amfanin ta tsaya gaban abokin mahaifinta ta ce masa ya musanya mata kaya? Ta san ba da mugunta ya yi ba, kuma ta san abin da sunansa yake a wurinsa.

Akwai tambaya ɗaya da Malam Lado ba ya so ya yi, amma ya yi ta.

"Fasassun, da sun yi miki amfani?"

Ta yi jinkiri, ya ga tana neman hanyar da za ta sauƙaƙa masa, ba ta samu ba.

"Da sun yi, Baba. Ni ƙanana nake so. Tsaga ba ta hana su aiki."

Bai gaya mata a ranar ba, amma ya tuna sarai inda bokitin yake a duk watannin nan. Yana ƙarƙashin tebur, dab da bencin da take zama. Sau biyu ta zauna tana shan zoɓo tana ce masa alhamdu lillahi, gefen zanenta yana gogar bokitin. Shi yana rufa wa kansa asiri, ita tana rufa masa, abin da zai fitar da ita yana tsakaninsu. Wannan ne ya fi ci masa rai, fiye da fashewar ma, domin fashewa tsautsayi ce, shirun kuwa da gangan ya yi shi, har yana alfahari da shi.

Rakiya ta ce kwana uku bai yi surutu ba, abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu. A rana ta huɗu ya jingina tsani da katanga, ya hau da guduma da ƙusa, yana lalube da yatsu saboda ido, yana jiran rana ta nuna masa masu launi. Maƙwabta suka yi ta ba shi baki ya sauko, bai saurare su ba. Ya ciro goma sha ɗaya, ya samu sabon tabo a yatsa, wanda har yau bai taɓa nuna wa kowa ba. Ya wanke su da ruwa zalla, ya riƙe su ta gefe kamar yadda ta taɓa roƙonsa, ya naɗe a takarda, ya shiga motar Kafin Hausa.

Ya same ta a ofis tana duba takardun ɗalibai. Ta miƙe da sauri ta ba shi kujera, ya ƙi zama, ya ajiye ƙunshin a kan teburinta ya ce kayanta ne, ya makara da kawowa. Ya san aikin ya wuce, ita ma ta sani, babu wanda ya faɗa. A ransa yana fatan rana da ruwan sama na shekara shida sun riga sun kashe su, ko ya samu ya ce wa kansa dama ba su da ƙarko. Ya roƙe ta ta gwada a gabansa.

Zakiyya ta ce ba sai an yi ba. Ya nace. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko 'yar mitar, ta zaɓi yanki ɗaya mai siminti a gindi, ta ɗora masa wayoyin mitar biyu. Mitar ta yi ƙara. Ta ɗauki na biyu, ta yi ƙara. Ta kai hannu ga na uku, Malam Lado ya ce ya isa haka, ya nemi kujerar da ya ƙi ɗazu ya zauna.