Bihi da Soron Assu

Bihi ɗan Hammu bai taɓa yin abin da za a buga masa ganga ba. Ya yi kiwon awaki, ya yi dako da alfadari, ya yi wata shida a Kazablanka ya dawo da tari da agogon da ba ya tafiya. Abu ɗaya ya riƙe da gaske a duniya, soron gidan ubansa da ke Tawrirt.

Gida goma sha ɗaya ne a Tawrirt, manne da jikin dutse, wannan bisa wancan. Da hanyar mota ta shigo kwari, mutane suka gangaro suka gina na siminti, kowa yana cewa zai riƙa leƙawa. Wa ya leƙa? Rufin ƙasa kuwa ba ya jiran alkawari. In dusar ƙanƙara ta kwana uku a kansa rana ta fito, sai ya sha ruwa ya yi nauyi, azara ta karye. Cikin shekara goma sha biyar rufi tara suka zauna a tsakar ɗaki.

Biyu suka rage, na Bihi da na Assu. Su biyun nan ba sa ga maciji tun ranar da alfadarin Assu ya shiga gonar sha'ir ta Bihi. Alfadarin ya mutu, gonar ta koma ciyawa, su kuwa suna nan kan bakansu kamar jiya aka yi. Duk sanda ƙanƙara ta zuba sai ka gansu sun kama hanyar sama, tafiyar wuni guda, kowa da shebur ɗinsa na katako, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ba sallama. Kowa ya share nasa ya sauko. Assu yana taƙama da indararon kwano da ya sayo a kasuwa, Bihi ya ce na itace ubansa ya bari, na itace zai bari.

Da kaka Assu ya mutu. 'Ya'yansa suka yi sadakar bakwai suka koma Agadir.

Lokacin yanar ido ta riga ta cinye ganin Bihi, amma ya rantse yana gani. Matarsa Ijja ce kaɗai ba ta raga masa.

"Tsoho, ni ce nan ko tukunya?"

"Tukunya ba ta da surutu, da haka nake rarrabe ku."

Abin da ya rufa masa asiri kare ne, wani jibgege mai gashi kamar tunkiya. Bihi yakan ɗaura masa igiya a wuya ya naɗe ɗaya bakin a hannu, kare a gaba shi a baya. Ijja ta sa masa suna Direba. Abin da ba ta taɓa faɗa wa mijin ba shi ne inda ta samo shi. Matar Assu ce ta miƙa mata shi a ɓoye tun suna Tawrirt, yana ɗan kwikwiyo, don mata ba su da lokacin gabar alfadari.

A sanyin shekarar aka yi zubar ƙanƙarar da tsofaffi suka ce ba su ga irinta ba, kwana huɗu ba tsayawa. Ranar da gari ya washe Bihi ya saka alkyabbarsa ta ulu, ya ɗaure gurasar sha'ir da shayi da gawayi cikin tamfol.

"Ina za ka da wannan idon?" in ji Ijja.

"Idon Direba lafiya lau."

"Direba ya girme ka in an bi lissafin karnuka. Makaho ya hau motar gurgu. Ka bari a samu mai raka ka."

"Kafin a samu, soron ya kwanta."

"To in kai ka kwanta a can, wa zai ɗauko ka? Ni bayana ciwo yake."

Ya ja igiya suka tafi.

Ƙanƙara ta kai wa karen ƙirji. Yakan yi tsalle biyu ya tsaya yana haki, Bihi ya jira shi, yana tura shebur gaba yana laluben ƙasa. Duniya duk ta zama fari ɗaya a idonsa, ba sama ba ƙasa. Sai bayan la'asar suka isa. Ƙofofi sun binne, lungu ya cika ya yi daidai da rufi. Kare ya ja shi kai tsaye kan wani soro, ya shige rumfar da ake shanya masara ya zube. Bihi ya shafa ginshiƙi ya ce alhamdulillahi. Ya tare bakin rumfar da tamfol, ya hura gawayi, suka raba gurasa.

Wuni biyu yana aiki. Ya yanka, ya ɗaga, ya jefa gangare. Rana ta fito da ƙarfinta, hasken yana sa idonsa zubar ruwa, ruwan yana daskarewa a gemu. Yana jin ƙanƙarar tana ƙara nauyi a shebur, ya san abin da take yi wa azara, saboda haka ko shayin rana bai tsaya sha ba. Tafin hannunsa ya tsage. Yana yi yana magana da ubansa, yana gaya masa waɗanda suka gudu suka bar gidajen iyayensu, suna bayan suna.

Da azahar ɗin rana ta biyu ya kai bakin rufi. Ya durƙusa ya sa hannu zai buɗe hanyar ruwa, sai yatsunsa suka taɓa kwano.

Ya daɗe a durƙushe. Ya sake shafawa, ko Allah zai sa ya koma itace.

"Ɗan banza," ya ce da karen, murya ƙasa ƙasa. "Gidan wa ka kawo ni?"

Kare ya kaɗa wutsiya. Shi dai ya gaji, ya zo inda aka haife shi.

Gidan Hammu yana hawa uku sama da nan. Bihi ya kama igiya ya fara hawa, yana nutsewa har cinya. Bai yi rabi ba ya ji ƙarar. Ba wata babbar ƙara ba ce, kamar dai buhu ya faɗo daga bayan alfadari. Sai iska ta kawo masa ƙaurin tsohon hayaƙi, na shekara ɗari da ya kama azara. Duk da haka ya ƙarasa. Ya miƙa shebur inda rufi yake, shebur bai taɓa komai ba.

Washegari da yamma ya shigo gida. Ijja tana tankaɗe, ta dubi tafiyarsa.

"An share?"

"An share."

"Namu?"

Ya zauna yana kwance igiyar daga hannunsa, ta manne da jini. A ɗakin nan na Tawrirt da ya rufta Ijja ta haifi 'ya'ya shida, ta wanke gawar biyu. Ta ajiye rariya, ta ɗora ruwan zafi, ta kama hannun tana gogewa ba tausayi.

"Allah ya ji ƙan Assu," ta ce. "Yana kabari ya samu bara kyauta."

Ƙanƙara ta sake zuba sau biyu a sanyin nan, kuma duka biyun Bihi ya hau ya share soron Assu, yana yi yana zagin mai shi. A masallaci aka tambaye shi dalili. Ya ce, "In wannan ma ya faɗi, ina zan kwana in na je ganin namu?"

Da ƙanƙara ta narke Direba ya kwanta bayan garke bai tashi ba. An kawo wa Bihi wani kare, amma wannan bai san hanyar Tawrirt ba, kaji ya sani. Bihi ya ƙara shekara huɗu a gindin murhu. Soron Assu ya rufta tun a sanyin farko, Ijja ta hana kowa faɗa masa. In an yi zuba yakan juyo da fuska wajen motsinta.

"Tsohuwa, na mutumin nan fa?"

"Yana nan tsaye. Sha shayinka."

"Dole ya tsaya," in ji Bihi. "Ni na share shi."